Bel a motar haya: wa doka ke kamawa, wa asara ke faɗa wa?

A Garwa da Marwa babur ne ke kai yawancin mutane kasuwa da asibiti, shi ya sa da zarar an tayar da zancen haɗarin hanya sai hankali ya koma kan 'yan babur da hular kwano. Ƙananan motocin haya ba a cika waiwayarsu ba, alhali su ne ke jigilar ɗalibai tsakanin Ngaundere da jami'ar da ke Dang, su ne ke jiran jirgin ƙasan Yawunde da safe, su ne ke kwasar mutane daga Garwa zuwa garuruwan da ke kewaye, kuma a Njamena taksi mai ruwan ɗorawa har yau tana da kasuwarta. A cikin waɗannan motoci akwai bel, ko kuma a da akwai shi. Wanda ya kamata ya ɗaura, da wanda za a tuhuma idan ba a ɗaura ba, da wanda zai kwana da asara idan abu ya faru, ba mutum ɗaya ba ne, kuma rikicewar tana nan.

Kamaru da Chadi tushen dokar hanyarsu ɗaya ne. Ƙasashe shida na ƙungiyar tattalin arzikin yankin tsakiyar Afirka, CEMAC, wato Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Gabon da Ikwatoriyal Gini, sun amince da kundin dokar hanya na bai-ɗaya a shekarar 2001, kuma wajibcin ɗaura bel yana cikinsa. Don haka direban da ya taso daga Kuseri ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena, kakin jami'in da zai tsayar da shi ne ya sauya, ƙa'idar tana nan yadda take. A aikace abin da jandarma ko ɗan sanda ke fara leƙawa shi ne ƙirjin direba da na wanda ke gefensa. Masu zuwa Yola ko Mubi su ma sun san haka ne a can, domin hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta ɗaura bel tun farkon 2003.

Sai dai akwai wata magana da ke yawo a tasha, cewa wai direban taksi doka ta ɗauke masa bel. Maganar tana da asali, amma ba a ƙasarmu ba. A Faransa direban taksi da ke bakin aiki ba a tilasta masa ɗaurawa. A Ingila ma haka ne ga direban taksi da ke neman fasinja ko yake ɗauke da su, shi kuwa direban motar da ake kira ta waya ko ta manhaja, sassaucin yana aiki ne kawai lokacin da fasinja ke cikin motar. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne tsaron lafiyar direban, kada wani mugu daga baya ya shaƙe shi da bel ɗin, kuma ya samu damar ficewa da sauri idan an kai masa hari. Abin lura shi ne, a Faransar kanta direbobin manhaja ba su cikin wannan sassauci, idan aka kama ɗayansu babu bel tarar yuro 135 ce da cire maki 3 daga lasisinsa. Ko ma dai yaya ne, dokar Faransa ba ta aiki a bakin Binuwai, kuma ko a can abin da aka ɗauke wa direban tara ce kawai, ba a ɗauke masa sitiyarin da ƙirjinsa zai daka ba.

Mutane da yawa suna ganin bel kayan doguwar tafiya ne, a cikin gari kuwa me za a yi da shi? Lissafin ba haka ya nuna ba. Mota mai gudun kilomita 50 a awa idan ta daki abu ta tsaya cak, jikin da ke cikinta bai tsaya ba, yana ci gaba da wannan gudun har sai ya samu abin da zai tare shi. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. A kilomita 30 kacal, faɗowa ce daga mita 3 da rabi. A kilomita 90, gudun da ba a ɗauke shi komai ba a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, tsayin ya haura mita 30. Babu hannun da zai iya tokare gaban mota ya riƙe wannan nauyi, balle hannun uwa ya riƙe jariri. Aikin bel shi ne ya raba bugun a kan ƙasusuwa masu ƙwari, kafaɗa da ƙirji da ƙugu, ya ɗan miƙe don ya tsawaita lokacin tsayawar, ya kuma hana mutum fita ta gilashi. Irin wanda muke gani yau mai maɗauri uku, injiniyan kamfanin Volvo ne, Nils Bohlin, ya ƙera shi a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa da kashi 45 zuwa 50 cikin 100 ga direba da na gaba, da kusan kashi 25 ga na baya. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci.

Akwai wani gefen da direbobi ba su cika sani ba, kuma su ya fi shafa. Fasinjan baya da bai ɗaura ba, ba kansa kaɗai ya jefa a haɗari ba. Idan aka yi karo gaba da gaba, tasowa yake yi kamar buhun masara da aka wurgo daga baya, ya sauka a kan kujerar direba da ƙeyarsa. Wani bincike da aka yi a Japan, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2002, ya gano cewa haɗarin mutuwar na gaba da ya ɗaura bel yana ninkawa kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba. Direban da ya ɗaura nasa ya ƙyale Alhaji da ke bayansa, rabin aiki ya yi.

Uzurin da ake bayarwa ba duka ne na banza ba, kuma wanda bai taɓa zama a mota a Garwa cikin watan Afrilu ba bai kamata ya raina su ba. Zafi ya haura digiri 40, ƙarfen bel ɗin ya gasu har ba ya taɓuwa, gumi ya jiƙe riga daidai inda ya bi. Sannan ga ƙura. Bel ɗin gefen fasinja da ya yi watanni ba a ja shi ba, ranar da aka ja sai ya bar jan layi daga kafaɗa zuwa ƙugu a kan farar shadda, ranar Juma'a kuwa. Mutumin da aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara ɗaurawa ba, kuma laifin na mai motar ne, domin ruwa da sabulu da tsumma sun isa su kashe wannan matsala. Tsoron 'yan fashi ma gaskiya ne a yankin da ya sha fama da zargina, wato masu tare hanya. Amma direba ya auna da kansa: sau nawa aka shaƙe wani abokin aikinsa da bel, sau nawa kuma aka je jana'izar wanda mota ta kife da shi a gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Mbe? Masu cewa gara mota ta jefar da kai waje idan za ta kama wuta ko ta faɗa kogi, sun manta cewa wanda aka jefar ta gilashi kwalta ce ke tarbarsa, wani lokaci motar ta bi ta kansa. Wanda ke cikin hayyacinsa shi ke iya buɗe ƙofa ya fita, kuma bel ne ke hana kai ya bugu har a suma.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da lodi. Ƙaramar taksi kujera biyar gare ta har da ta direba, haka aka rubuta a kart giriz ɗinta, wato takardar rajistarta, bel ɗinta ma biyar ne idan ya cika. Amma kowa ya san yadda ake cika ta: huɗu a baya, biyu a gaba, a hanyoyin ƙauye ma har a samu wanda zai raba kujera da direba. Da zarar an cusa mutum na biyu a gaba, maganar bel ta mutu, domin ɗaya yana zaune rabi a kan giya, ɗayan ya manne da ƙofa, kuma maƙullin bel ɗin yana ƙarƙashin cinyar wani. Ɗaure mutum biyu da bel ɗaya kuwa ya fi muni, jikin ɗaya ne zai murƙushe ɗayan. Direba ba don mugunta yake yi ba. Mafi yawansu motar ba tasu ba ce, akwai kuɗin da za su kai wa mai mota kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba, ga mai da farashinsa ya hau a Kamaru a farkon 2023 ya sake hawa a farkon 2024, ga abin da ake bari a shingaye. Fasinja na biyar da na shida su ne cefanen gidansa. A ganina duk wani gangamin wayar da kai da zai yi ta kiran a ɗaura bel bai taɓo lodi da kuɗin mai mota ba, ɓata fenti ne a allo.

Shi ya sa kaso mai tsoka na alhakin yana wuyan mai mota, ko da yake shi ba ya cikinta. Motocin nan kusan duka 'yan Beljiyam ne, Corolla da Carina da Starlet da suka ƙare rayuwarsu ta farko a Turai. Wasu sun iso bel ɗinsu ya tsufa, zaren ya fara tsinkewa a gefe, ko ba ya komawa ciki, ko ba ya cijewa idan an fizge shi. Gwajin ba wuya: ka ja shi da ƙarfi lokaci ɗaya, idan bai tsaya cak ba ya mutu. Bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a babban karo shi ma ya gama aikinsa, sauyawa ake yi, ba a kai wa mai ɗinkin kujera ya haɗa. A baya kuwa, rigar kujerar da aka ɗinka don kada ta yi datti takan rufe maƙullan gaba ɗaya, sai fasinja ya ga igiya a kafaɗarsa amma babu inda zai soka ta. Duba irin waɗannan abubuwa aikin cibiyoyin bizit ne, masu gwajin lafiyar mota, amma takardar bizit a aljihu ba ta nufin wani ya ja bel ya gani. Ga kuma dabarar da ta zama ruwan dare, a zagaya da bel ta bayan kujera a maƙale don motar ta daina ƙara. A motar da ke da jakar iska, wadda ke kumburowa idan an yi karo, wannan ya fi haɗari, saboda an ƙera jakar ne don ta tarbi mutumin da bel ya riga ya riƙe. Wanda ya taho mata a sake, fuskarsa za ta haɗu da ita tana tsakiyar fashewa.

Yanzu ga abin da ya kamata kowane direba ya zauna a karanta masa. Inshorar mota a Kamaru da Chadi tana ƙarƙashin kundin CIMA, wato dokar inshora ta bai-ɗaya da ta fito daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kundin ya fara aiki a 1995. Inshorar dole, wadda ake nuna wa jandarma, an yi ta ne don ta biya wasu, wato fasinja da mai tafiya a ƙasa da wanda aka daki motarsa. Ba ta biyan direban motar kan raunin jikinsa. Fasinja kuwa kundin ya ba shi kariya mai ƙarfi: ba a hana shi diyyar raunin jiki saboda sakacinsa, sai idan da gangan ya nemi cutar da kansa. Ke nan fasinjan da ya ƙi ɗaura bel ya ji rauni, haƙƙinsa na diyya yana nan. Direba ba haka ba ne. Idan wata motar ce ta dake shi zai iya neman diyya daga inshorarta, amma laifinsa na iya rage abin da za a ba shi ko ya soke shi, kuma kamfanin inshora na iya kawo rashin bel a matsayin sakacin da ya ƙara munin raunin. Idan kuma shi kaɗai ya kife, taya ta fashe ko saniya ta gifta, babu wanda zai bi bashi. Mutumin da ya fi kowa daɗewa a cikin motar, daga asuba zuwa isha, shi ne wanda takardar ba ta rufe ba.

Lodi ma yana da tarko a nan. Kundin ya yarda kamfanin inshora ya rubuta a kwangila cewa ba ya ɗaukar nauyin fasinjan da aka ɗauka ba bisa ƙa'idar tsaro ba. Wannan sharaɗi ba ya hana wanda ya ji rauni karɓar kuɗinsa, kamfanin zai biya shi, amma daga nan yana da damar ya juyo kan wanda ke da alhaki ya nemi a mayar masa da abin da ya kashe. Ɗan kuɗin da aka samu a kan fasinja na shida na iya zama bashin da ko an sayar da motar ba zai biya ba.

Ga kuma kotu. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016, a sashe na 289, ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya jawo mutuwa ko mummunan rauni ta hanyar sakaci ko ƙin bin ƙa'ida, sashe na 290 kuma ya ninka hukuncin idan direban yana cikin maye, ko ba shi da lasisi, ko ya gudu. Haɗari ɗaya ne, amma bel na iya zama bambanci tsakanin fasinjan da ya fito da ƙujewa da wanda aka ɗauko gawarsa, watau tsakanin sasantawa a asibiti da tsayuwa gaban alƙali. Musulmi kuma ya san akwai wani lissafin bayan na kotu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuma kaffarar a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Ko ta hau kan direba ko ba ta hau ba, malamai suna duba sakacinsa ne, kuma zai yi wuya wanda ya loda bakwai a motar biyar ya ce bai yi sakaci ba.

Fasinja fa? A Faransa da Ingila baligi shi ke biyan tararsa da kansa, direba yana ɗaukar alhakin yara ne kawai, 'yan ƙasa da shekara 18 a Faransa, 'yan ƙasa da 14 a Ingila. A shingayenmu kuwa takardun direba ake karɓa, shi ake tsayarwa a rana, fasinjan na zaune yana tsaki wai an ɓata masa lokaci. Kunya ce ke hana direba magana, musamman idan saurayi ne ya ɗauko sa'an mahaifinsa. Amma akwai yadda ake faɗa ba tare da an ci fuska ba. "Baba, a taimaka a ja bel ɗin nan, akwai jandarma a gaba," ya fi shiga fiye da wa'azi a kan mutuwa. Idan Hajiya ta zo da goyo ta nufi gaba, "Hajiya, baya ta fi miki sarari ke da yaron" ta wadatar. Yaro a cinya a kujerar gaba shi ne mafi rashin kariya a duk motar, kuma ɗaure shi tare da uwar a bel ɗaya ba mafita ba ce, nauyinta ne zai danne shi. Mai juna biyu tana ɗaurawa, na ƙasa ya bi ƙarƙashin cikin a kan ƙugu, na sama ya bi ta tsakiyar ƙirji.

Motocin manhaja sun fi ƙarfi a Duwala da Yawunde, inda manhajar Yango ta fara aiki a 2021, har ma'aikatar sufuri ta dakatar da ita a 2023 kan batun izini kafin daga baya ta ci gaba. A arewa abin da ya fi yawa shi ne direban da kwastomominsa ke kira ta waya ko ta WhatsApp, ya kai su filin jirgi ko biki ko wani gari. Wannan direba ba shi da uzurin lodi, domin mutum ɗaya ko iyali ɗaya ya ɗauka, an kuma biya kuɗin motar gaba ɗaya, kujeru da bel sun ishi kowa. Matsalarsa wata ce daban. Kamfanonin manhaja suna ɗaukar kansu masu haɗa direba da fasinja ne, ba iyayen gidan direba ba, don haka idan abu ya lalace mota da direbanta ake kallo. Sannan da yawa suna wannan aiki da motar gida, da inshorar motar gida, wadda ba a yi ta don ɗaukar fasinja da kuɗi ba. Wanda ya ji rauni yana iya samun haƙƙinsa, amma rigimar da za ta biyo baya da kamfanin inshora a kan mai motar za ta ƙare.

Game da shinge, tarar ƙananan laifuka a kundin Kamaru hawa huɗu ce, mafi girmanta ba ta wuce jaka 25 na sefa ba, kuma wanda ya biya yana da haƙƙin a ba shi rasit. Abin da aka saba gani kuwa kowa ya san shi. Direba ya hango shinge, ya jawo bel da hannun hagu ya ɗora a ƙirji bai soka ba, ya danne bakinsa da cinya, ya wuce mita ɗari ya sake shi ya koma. Jami'in ya gani, direban ya san ya gani. Muddin abin da ake miƙawa ta taga ya fi tarar arha, shingen zai ci gaba da koya wa direba riƙe bel maimakon ɗaura shi.

Abu biyu ne direban haya zai iya tambayar mai mota tun kafin ya karɓi makulli. Na farko, ko a cikin inshorar an ƙara kariyar direba, domin kamfanoni suna sayar da ita daban, a kan ƙarin kuɗi, kuma ba ta zuwa da kanta. Na biyu, ko an yi masa rajista a CNPS, asusun da ke biyan haɗarin aiki ga ma'aikacin da aka bayyana sunansa. Yawancin masu mota za su ce a'a ga duka biyun, wasu ma su ga tambayar a matsayin tsaurin ido. Ƙungiyoyin direbobi da ke karɓar kuɗin tasha kullum su ne ke da bakin da za su nemi wannan a madadin kowa, kamar yadda suke haɗa kai idan farashin mai ya tashi.